Sunaye na cikin rahoto, ɗalibai na gida

Tambaya: Malama, ina aiki a ofishin musayar ɗalibai na wata jami'a mai haɗin gwiwa da shirin Erasmus+, wanda ke biyan kuɗin tafiyar ɗalibai karatu a wasu ƙasashe. Na ga sunayen wasu ɗalibai a rahoton kuɗi, alhali ko filin jirgi ba su leƙa ba. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yi saurin kiran kowa ɓarawo, wani lokaci tafiya ce aka ɗage, aka manta gyara takarda. Duba tikitin jirgi, shaidar halarta daga jami'ar da ta karɓi ɗalibin, da asusun da kuɗin ya shiga. Asusun nan shi ne ya fi tona asiri. Adana kwafi, ka kama bakinka a ofis.

Kuɗin na Tarayyar Turai ne, kasafin shirin na 2021 zuwa 2027 ya haura Yuro biliyan 26. Yawanci jami'ar Turai da kuke haɗin gwiwa da ita ce ke riƙe da tallafin, don haka ita za ka fara rubuta wa. In ta yi biris, akwai OLAF, hukumar binciken zamba ta Tarayyar Turai da aka kafa a 1999. Tana karɓar rahoto ta intanet ko ba suna. Ba ta gurfanarwa da kanta, shawara take bayarwa a ƙwato kuɗi ko a kai kotu.