Tambayi Injiniya: Ɓaraguzan tsohon gida za su zuba dekin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Injiniya. Mun rushe gidan mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, za mu tayar da bene hawa ɗaya a wurin. Ɓaraguzai sun taru sun kai tifa goma. Birkilanmu ya ce asara ce mu biya a kwashe su, mu kuma biya kuɗin tsakuwa. Wai a sa leburori su farfasa su da guduma a zuba dekin da su, ai Turawa ma haka suke yi. Yayana ya yarda, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Me ka gani?

Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya gafarta wa Baba, ya sa albarka a ginin. Birkilanku bai yi wa Turawa ƙarya ba. Bayan yaƙin duniya na biyu ya ƙare a 1945, Jamusawa sun niƙa jan bulon gidajen da bama-bamai suka rushe, suka kwaɓa kankare da shi suka sake gina garuruwansu. Birnin Zurik na Suwizalan ya fi shekara ashirin yana gina makarantu da ofisoshinsa da kankaren da aka sa wa tsohon kankare, Japan kuma tun 2005 take da doka a rubuce kan irin wannan tsakuwa. Abin da birkila bai gaya muku ba shi ne, can inji ne yake niƙawa, a tace, a wanke, a auna a ɗakin gwaji. Duk da haka, dokar kankare ta Ingila kashi 20 cikin 100 na tsakuwa ta yarda a musanya a kankaren gini na yau da kullum.

Kafin mu je da nisa, je ka tsaya gaban tulin nan ka duba abin da ke ciki. Na san tsofaffin gidajen Zariya: yawanci bulo ne da fulasta, wani ɗakin ma na ƙasa ne aka shafe da siminti. Ɓaraguzan bulo daban, ɓaraguzan kankare daban, kuma nan ne mutane suke cutar kansu. A ma'aunin da muke gwada ƙarfi da shi, wato Niyutan a kan murabba'in milimita, dokar Nijeriya tana neman bulo ya kai 2.5 zuwa 3.45. Kankaren dekin kuwa ana neman 20 zuwa 25. Balle bulon kasuwa da ake matse buhu ɗaya ya haifi fiye da ƙima, wanda kana murza shi da yatsa yana zuba. Tsakuwa ita ce take ɗaukar nauyi a cikin kankare. In ita kanta tana marmashewa, ko buhu nawa ka ƙara ba za ta zama dutse ba.

To, a ce kun ware na kirki, wato gutsattsarin tsohuwar pila da linta da daɓe. Kowane gutsure dutse ne da tsohon siminti manne a jikinsa, kuma wannan tsohon simintin shan ruwa yake kamar garin kwaki. Tsakuwar dutse ba kasafai take shan ruwan da ya wuce kashi 1 cikin 100 na nauyinta ba. Ta ɓaraguzai tana shan kashi 3 zuwa 8, wani lokaci fiye. Ga yadda abin yake ƙarewa a wurin aiki: an kwaɓa, kafin a hau da shi sama ya yi tauri, birkila ya ce wa yaro “ƙaro ruwa”, yaro ya tuttula bokiti biyu babu awo. Ruwan da ya wuce ƙima shi ne babban mai kashe kankare, don in ya bushe ƙananan ramuka yake bari, ta nan danshi zai bi ya iske rodi ya sa shi tsatsa.

Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe da dama sun nuna in tsakuwar tsohon kankare mai tsabta ba ta wuce kashi 20 zuwa 30 ba, ƙarfi ba ya raguwa sosai. In aka musanya duka, yakan ragu da kashi 10 zuwa 25. Ni ba ma wannan ne ya fi damuna ba. Irin wannan kankare ya fi tsukewa in yana bushewa, ya fi tsagewa, kuma ya fi sakin ciki a hankali ƙarƙashin nauyi. Dekin da zai rataye a kan iyali shekara hamsin, sakin ciki ba ƙaramin aibi ba ne gare shi.

Sai silin POP, in gidan yana da shi. Sinadarin da ke cikinsa yana haɗuwa da siminti ya kumbura, ya fasa kankare daga ciki bayan an daɗe da tarewa. Ko kaɗan kada ya shiga kwaɓi. Haka katako, roba, kwalta da ƙasar bango. Tsohon rodin da za a zaro kuma ku sayar wa 'yan gwangwan. Na san ana miƙe shi a mayar cikin gini, ni dai ba na sa hannu a kan haka.

Shawarata ke nan: pila, bim, matakala da dekin, ku sayi tsakuwar dutse, araha ba ta ado. Amma kada ku biya a kwashe tulin, aikinsa yana nan. Ɓaraguzan bulo ku yi ciko da su a cikin harsashi, a zuba kaɗan-kaɗan ana yayyafa ruwa ana daddannewa, sun rage muku kuɗin jar ƙasa. Na kankare a fasa su kamar girman tsakuwar kasuwa, milimita 20, a tankaɗe a zubar da garin, don garin ya fi komai shan ruwa. A jiƙa su tun daren jajibere, da safe a bari su tsane. A kwaɓin buhu ɗaya, yashi kwanon sarki huɗu, tsakuwa takwas, ku sa biyu na ɓaraguzai, shida na dutse. Wannan zai yi muku daɓen ƙasa da tsakar gida da lambatu. A yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7, musamman in aikin ya faɗo cikin hunturu.

In Yaya ya kafe sai an sa su a sama, kada ku yi jayayya da babba. Ku roƙe shi a zuba samfuri a ƙananan akwatuna masu milimita 150, a kai sashen injiniyan gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello, tunda ga ta nan Samaru, a murƙushe su a inji bayan kwana 28. Sakamakon ku kai wa injiniyan da ya zana benen, shi zai yanke. Ku kuma lissafa ladan masu guduma tukuna, don sau da yawa ratar da ke tsakaninsa da kuɗin tifar tsakuwa ba ta kai yadda ake zato ba.

TAMBAYA: Injiniya, ina da gidan buga bulo. Waɗanda suke fashewa wajen lodi sun cika mini fili. Zan iya niƙa su in mayar cikin sabon kwaɓi?

Mai karatu daga Funtuwa

AMSA: Za ka iya, Alhaji, kuma naka ya fi na mutumin Zariya sauƙi, don ka san abin da ke cikin bulonka, babu fenti babu POP. A niƙa shi ya koma kamar yashi, ya maye gurbin kwanon yashi ɗaya cikin biyar, a jiƙa shi kafin a haɗa. Sharaɗi ɗaya: kada ka rage siminti da sunan akwai tsoho a ciki. Simintin da ya riga ya kama ba ya sake kamawa, matsayin yashi kawai yake da shi. Ka fara da bulon katanga, ka ajiye na farko gefe su yi kwana 28, ka kai a gwada su tare da waɗanda ka saba bugawa kafin ka sayar wa mai gina bene.