Tsawon yini da dabbobinmu a farkon bazara

Ɗana, ka ce ka gani a waya Turawa na sauya wa karnuka da kyanwoyinsu lokacin abinci idan yini ya fara tsawo, kana tambaya ko mu ma sai mun yi. Ka fara sanin ƙasarsu tukuna. A Landan yinin Disamba bai kai awa 8 ba, na Yuni kuwa ya haura awa 16. Ga shi ranar Lahadin ƙarshe ta Maris sukan tura agogo gaba da awa guda. Kare bai san agogo ba, cikinsa ne ke gaya masa lokaci, shi ya sa suke matsar masa da abinci kaɗan-kaɗan, kamar minti 10 ko 15 a rana. Mu nan Gombe, tsakanin yini mafi gajarta da mafi tsawo awa ɗaya ce da 'yan mintoci. Karen gadinmu da magen sito ko a jikinsu.

Wadda haske ya dama ita ce kazar ƙwai. Hasken da take samu shi ke tayar mata da nasa ƙwai, kuma tana son kusan awa 16 a rana, abin da ranarmu ba ta taɓa bayarwa. Dalilin fitilun solar da ka gani a ɗakin ke nan. Amma kada ka yi wa 'yan matan kaji ƙarin haske kafin su kai sati 17 ko 18, sai su fara da wuri jiki bai ƙosa ba, ƙwan ya fito ƙanana, wata ma bayanta ya zazzago. In lokaci ya yi, ƙara rabin awa duk sati. Idan kuma sun fara nasawa, kul ka rage musu, ko da dare ɗaya ne.

Abin da ke hana ni barci a Maris da Afrilu zafi ne, wanda kan kai digiri 40. Shiga ɗakin da azahar ka duba: baki buɗe, fukafukai a saki, suna haki, abinci na gabansu ba mai taɓawa. Hakin nan ne ke sa ɓawon ƙwai ya yi laushi har ya fashe a hannunka. Don haka ƙarin hasken nan ka kai shi wajen asuba. Kunna fitila kafin kiran sallah, ka zuba abinci su ci cikin sanyi, ragowar sai bayan la'asar. Ruwansu daga randa za ka ɗebo, ba daga jarkar da ta yini a rana ba, kuma ka sake shi da tsakar rana. Gobe da safe mu hau mu shimfiɗa ciyawa a kan kwanon rufin. Karen ma ka ɗaure shi ƙarƙashin darbejiya, da kwanon ruwansa kusa.