Fatawa: Kuɗin attajirai da bashin banki a yaƙin neman 'yanci

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwar hatsi ne a Sabon Garin Zariya. Yarona da ke karatun tarihi a Samaru ya ce Amurka ba ta kuɓuta daga Ingila ba sai da kuɗin attajirai da bashin banki mai ruwa. In Musulmi suka shiga irin wannan hali, ya halatta ɗan kasuwa ya zuba kuɗinsa ya ci riba?

Amsa: Da sunan Allah. Alhaji, yaronka ya faɗi gaskiya. An yi yaƙin daga 1775 zuwa 1783. Majalisar Amurkawa ba ta da ikon ɗora haraji, sai ta yi ta buga takardar kuɗi, har a 1780 ta amince dala 40 ta takarda a bakin dala ɗaya ta azurfa. A 1781 aka damƙa baitulmali ga Robert Morris, attajirin Filadelfiya, wanda sa hannunsa ya fi alkawarin gwamnati daraja a kasuwa. A 1782 masu banki na Amsterdam a ƙasar Holan suka ba da rancen gilda (kuɗin Holan) miliyan 5 da ruwa kashi 5 cikin ɗari.

A Shari'a, korar mamaya abu ne mai kyau, amma kyawun manufa ba ya wanke ƙazantar ƙulli. Ana duba ta wace ƙofa kuɗin ya shiga.

Kyauta ita ce mafificiya. A yaƙin Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira, Sayyidina Usman ya ba da raƙuma 300 da kayansu da dinare 1,000. Rance ma ya halatta: lokacin yaƙin Hunaini Annabi (SAW) ya ranci dukiya mai yawa daga Abdullahi ɗan Abi Rabi'a ya biya shi, ya kuma ari sulke daga Safwanu ɗan Umayya tun bai musulunta ba. Sharaɗin rance ɗaya ne: abin da ka bayar shi za ka karɓa. Kashi 5 ɗin Amsterdam riba ce ta haramun, aya ta 275 a Baƙara da ta haramta ta ba ta ware lokacin yaƙi ba. Mahukuncin da ya rasa kowace hanya yana iya samun uzurin lalura wajen karɓa, amma mai bayarwa ba shi da shi, don ba wanda ya matsa masa.

Ribar halal tana ga ciniki. Ka sayar wa hukuma buhun masara 500 bashi a farashin da ya ɗara na hannu, ya inganta, matuƙar an yanke farashi ɗaya da ranar biya a zaman ƙulli. In ranar ta zo ba a biya ba, ba ka ƙara ko kwabo. Ko a yi cinikin salam: a biya ka kuɗin gaba ɗaya, a fayyace irin masarar, nauyin buhu da ranar kawowa. Inda ake zamewa shi ne ɓoye hatsi har ya yi tsada alhali mutane na cikin yunwa. Wannan haramun ne.

Akwai tarko na biyu. Sojojin Amurka da aka biya da takardun bashi sun sayar da su da arha saboda talauci, 'yan kasuwa suka tara, a 1790 gwamnati ta amince ta biya cikakkiyar darajarsu. Sayen bashin naira dubu ɗari a kan naira dubu ashirin kuɗi ne da kuɗi, da fifiko da jinkiri, bai halatta ba. In kuma darajar kuɗi ta faɗi, mashhurin mazhabar Malikiyya shi ne a biya adadin da aka ranta. Sai in kuɗin ya ɓace daga hannun mutane ake komawa ga ƙima.

Tilasta wa masu hali kuwa, Imam Shaɗibi ya halatta wa shugaba adali in baitulmali ya ƙare, gwargwadon buƙata. Izzu ɗan Abdussalam ya hana Sarkin Masar Ƙuɗuz taɓa dukiyar talakawa kafin yaƙin Ainu Jalut a 1260, sai sarakunan yaƙi sun fara sayar da adon zinarensu.

Duk wannan, Alhaji, ƙarƙashin halastaccen shugaba ne. Wanda ya zo rumfarka da sunan jihadi ko 'yanci yana neman kuɗin makami, kada ka ba shi, domin jinin da aka zubar da kuɗinka kana da kamasho a cikinsa. Wallahu a'alamu.