Fatawa: Hukunta Wanda Ya Je Neman Karuwai A Ƙasar Waje

Tambaya: Allah ya gafarta malam, na ji wai akwai ƙasashen da ke kama ɗan ƙasarsu idan ya biya karuwa a wata ƙasa, ko da can doka ta yarda. Shin shari'a ta ba hukuma wannan damar, ko shisshigi ne?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Eh akwai ɗan'uwa, Norway tun 2009 take hukunta ɗan ƙasarta da ya sayi jima'i ko a ina ne, ko da a Jamus ne inda karuwanci ke da lasisi. Amurka ma ta yi doka a 2003 kan wanda ya je waje ya lalata yara, ɗaurin na iya kai shekara 30.

To mu dai a wajenmu zina ba ta da boda, biza ba ta halatta haram. Allah ya ce kar ku kusanci zina (Isra'i 32), Annabi SAW ya hana kuɗin karuwa kamar yadda Buhari da Muslim suka rawaito, kuma ya ce ka ji tsoron Allah duk inda kake.

Inda malamai suka saɓa shi ne haddi. Hanafiyya sun ce wanda ya yi zina a ƙasar da shugaban musulmi ba shi da iko ba a tsayar masa da haddi in ya dawo, Malik da Shafi'i suka ce a tsayar, don wuri ba ya canza hukunci. Amma ka lura ba wanda ya ce zunubin ya faɗi, kuma tara ko ɗauri irin wannan babin ta'aziri ne, wato horon da shari'a ta bar wa shugaba ya ƙayyade, shugaba na da damar yinsa don maslaha in an tabbatar da laifi da hujja ba da tsegumi ba.

Wallahi abin na ci mini rai, yawanci mai kuɗi ne ke hawa jirgi ya je ya ci gajiyar talaucin 'ya'yan mutane, wasu safararsu aka yi an ƙwace musu fasfo. Irin waɗannan da aka tilasta ba su da laifi, ka duba Nur 33. Wadda ta zaɓa da kanta kuwa tana da zunubi, nan muka rabu da dokar Norway da ke kama mai saye kaɗai.

Saboda haka dokar ba zalunci ba ce, musulmin da ke ƙarƙashinta wajibi ne ya kiyaye ta. Wallahu a'alam.