Me Ya Sa Injin Juya Jini Yake Rawa a Kan Tebur?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyon aiki a wani ɗakin gwajin jini a Jos. Yaya santirifuj, wato injin juya jini, yake raba jini, kuma me ya sa namu yake jijjiga har ya riƙa matsawa a kan tebur?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ga masu wankin kuza a nan Filato? Ana juya ƙwarya, ƙasa ta bi ruwa, baƙar kuza mai nauyi ta kwanta a gindi. Jinin da aka sa wa maganin hana daskarewa ma zai kwanta da kansa in an ajiye shi, amma a hankali. Injin gaggauta abin yake yi: yana wulwula kwalaben kamar majajjawa, mai nauyi ya gangara gindi. Jajayen ƙwayoyi su zauna a ƙasa, farare su yi wani siririn layi a tsakiya, ruwan jini mai rawaya-rawaya, wajen kashi 55 cikin 100, ya taso sama.

Gudu ba abin wasa ba ne. Ka ninka shi sau 2, ƙarfin jifan ya ninka sau 4. Shi ya sa ɗan bambancin nauyin da hannunka ba zai ji ba yake zama babba da zarar inji ya ɗauki gudu, kuma galibi nan rawar naku ta samo asali. Kowace kwalba sai da kishiyarta a ramin da ke fuskantarta, iri ɗaya, nauyi ɗaya. In samfur ɗaya gare ka, cika wata da ruwa daidai tsayinsa. In duk da haka bai daina ba, duba robar gindin ramukan, wata kan ɓace, sannan ƙafafun injin da shi kansa teburin.

A ƙaramin injin asibiti, jini yakan ɗauki minti 10 a zagaye 3,000 a minti, fitsari minti 5 a wajen 1,500. In siram ake so, wato ruwan da ke rabuwa da jini bayan ya daskare, bar jinin ya daskare minti 30 tukuna. Masu gaggawa su ke ganin zare-zare a ciki daga baya.

Kada ka tsayar da shi da hannu, ko da oga yana jiranka. Layin zai dame, yatsa ma na iya tafiya. In ka ji ƙarar fashewar kwalba, kashe shi, ka bar murfin a rufe minti 30 feshin ya lafa, sannan ka sa safar hannu ka kwashe gilasan da hantsaki.