Amsa kan haɗa holdar ƙwan fitila a ɗaki

Malam, ka ce ƙwan ɗakinka a Ringim yana jan ka idan ka taɓa shi, ko da ka kashe makunni. Galibi hakan na nufin an ɗora makunnin ne a kan baƙar waya, alhali jar waya, wadda take ɗauke da wuta, ta wuce kai tsaye zuwa holda.

Kafin ka taɓa komai, ka kashe babban makunnin gida, ka kuma tabbatar janareta ba ya haɗe, domin wutar kamfanin lantarki na KEDCO ba ta sallama idan za ta dawo, kuma volt 230 na iya kashe mutum. Ka gwada da testa (abin gwada wuta) ka tabbatar babu wuta a wayoyin, sannan ka mayar da jar waya (a sababbin wayoyi ruwan ƙasa ce) ta bi ta makunni, baƙar (a sababbin wayoyi shuɗiya ce) kuma ta tafi holda kai tsaye. Idan holdar mai murɗawa ce, wayar wuta ta shiga ƙarfen tsakiya. Ka feƙe roba kaɗan kawai, ka murɗe silin tagullar, ka ɗaure sukuru sosai, domin sako-sako shi ke ƙona holda har ta yi baƙi. Idan rufin kwano ne mai yoyo da damina, gara ka kira mai gyaran wuta.