Me ya sa kaskon bonsai da nake ginawa yake tsagewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ni ma'aikaci ne a Zariya, kusan shekara biyu ke nan ina renon bonsai, wato 'yan bishiyoyin nan da ake tsare girmansu a cikin faffaɗan kasko. Ina da kariya uku da cediya ɗaya. Da na ga kaskon da ake kawowa daga waje ya yi tsada, sai na fara gina nawa da yumɓun da nake saya wurin masu tukwane. Cikin takwas da na gina, biyar sun tsage a gindi ko a kusurwa tun kafin su ga wuta, biyu sun fashe a wurin gashi, ɗayan da ya tsira kuma yana tsattsafo da ruwa. Shin sai na sayi tanderun lantarki?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka dakata da maganar tanderu tukuna. Bakwai daga cikin takwas ɗin nan sun lalace ne tun kafin wuta ta yi ƙarfi, kuma ko tanderun miliyan nawa ka saya ba zai hana wannan ba.

Ka duba tulu da randa: jikinsu a zagaye yake, idan yumɓu yana bushewa yana tsukewa, ko'ina tare yake tafiya. Kaskon bonsai kuwa gindinsa shimfiɗaɗɗe ne mai faɗi, bangonsa gajere, ga kusurwoyi, ga hudojin fitar ruwa, ga ƙafafu. Baki da kusurwa su ne suke riga bushewa, su tsuke, alhali tsakiyar gindin tana nan danya, manne da katakon da ka ɗora shi a kai. Wani sashe yana ja, wani ya ƙi motsi, dole ya yage. Yumɓun da aka kwaɓa domin tulu bai cika jure wannan ja-in-ja ba.

Maganin farko yana nan wurin waɗanda kake sayen yumɓun. Ka nemi tsingaro, ka daka a turmi, ka tankaɗe, ka ɗauki wanda ya yi kamar yashi mai laushi. Ka gwada awo ɗaya nasa cikin awo huɗu na yumɓu, ka cuɗa sosai har iska ta fita. Tsingaro ya riga ya sha wuta, ba ya ƙara tsukewa, kuma yana buɗe wa danshi hanyar fita. Kaurin gindi da na bango su zama ɗaya, kamar milimita 8 zuwa 10. Kada ka haɗa fallayen yumɓun gindi da na bango suna laɓe-laɓe. Bari su ɗan yi tauri kamar fata, ka kakkarce bakin da za su haɗu, ka shafa kunun yumɓu, ka danna, sannan ka murza siririn yumɓu ka cusa a kusurwar ta ciki. Gindin kuma ka goge shi da ɗan katako kana dannawa, gaba da baya. A lokacin ne za ka huda manyan hudojin ruwa da ƙananan da ake zura wayar ɗaure bishiya.

Sai bushewa, inda nake zaton nan ka fi yin asara. Iskar hunturu tana iya busar da bakin kasko cikin dare ɗaya. Ka shimfiɗa jarida ko ka barbaɗa yashi a ƙarƙashinsa domin gindin ya samu damar motsi, ka lulluɓe shi da leda a ɗakin da iska ba ta kaɗawa, kullum ka buɗe na ɗan lokaci ka mayar. Idan ya yi ƙwari ka kife shi. Mako biyu zuwa uku ba su yi yawa ba. Ka kara shi a kumatunka: in ka ji sanyi, da sauran ruwa a ciki.

Biyun da suka fashe kuwa, tururi ne. Ruwa yana tafasa a digiri 100, idan ya rasa mafita a cikin yumɓu sai ya tarwatsa shi. Shi ya sa masu tukwane suke ɗumama kayansu kafin su cinna babbar wuta. Kai ma ka jera naka a gefen garwashi na wasu sa'o'i kana jujjuyawa. Akwai kuma wani mataki a wajen digiri 573, inda ƙwayoyin yashin da ke cikin yumɓu suke kumbura farat ɗaya, su sake tsukewa idan zafi yana sauka. Faffaɗan kasko da gefe ɗaya ya riga ɗaya zafi a nan yake tsagewa. Kada ka tone tokar da wuri, ka bar su su kwana su huce.

Ɗayan da yake tsattsafo ba laifin hannunka ba ne. Wutar kara da itace a fili zafinta yakan tsaya tsakanin digiri 600 zuwa 900, yumɓu ya gasu amma ƙofofin jikinsa a buɗe suke, kamar randa. Kasaken da ka gani daga waje, irin na garin Tokoname a Japan ko na Yixing a ƙasar Sin, ana gasa su a rufaffen tanderu sama da digiri 1,100, har jikinsu ya haɗe, in ka ƙwanƙwasa ka ji ƙara kamar ƙarfe. Babban abin da ya sa suke dagewa a kan haka shi ne sanyin ƙasashensu: ruwan da kasko ya tsotsa yana daskarewa ya fasa shi. Mu ba mu da wannan matsala. Ni a ganina kasko mai numfashi ya ma fi dacewa da kariya, tunda abin da ya fi kashe ta shi ne ruwa ya kwanta mata a saiwa. Cediya ce za ta nemi ƙarin ban ruwa da bazara. Inda za ka yi hattara shi ne ƙarfi: gindin kariya yana kumbura har ya fasa kasko marar ƙwari, don haka ka ƙara wa nata kauri, bangon ya ɗan buɗe waje, kada bakin ya lanƙwaso ciki.

Idan daga baya ka so gashi mai zafi, an daɗe da yin sa a ƙasar nan. A farkon shekarun 1950 Michael Cardew, wani Bature maginin tukwane daga Ingila, ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954, kuma da itace suke gasa kayansu a tanderu. Tunda a Zariya kake, ka tuntuɓi masu koyar da aikin yumɓu a Jami'ar Ahmadu Bello ko za a sa maka naka cikin gashinsu. Sai dai jan yumɓun tukwane yakan lanƙwashe ko ya narke idan zafi ya doshi digiri 1,200. Ka fara aika ɗan falle na gwaji, ka ja masa layi mai tsawon santimita 10 yana danye, ka sake aunawa bayan gashi, ka san nawa yake tsukewa.

Game da ruwan ƙyalli, wato wanda ake shafa wa kayan yumɓu a gasa su fito da sheƙi kamar gilashi, ba a shafa shi a cikin kasko, waje kawai, kuma ka guji duk wanda aka haɗa da dalma. A yanzu ma ba ka buƙatarsa. Ka goge bayan kaskon da santsin dutse kafin ya gama bushewa, zai yi sheƙi mai kyau.

A gini na gaba ka ajiye mai kusurwa huɗu. Ka yi ƙanana guda huɗu, zagayayyu ko masu siffar ƙwai, faɗinsu kada ya wuce santimita 20, biyu da tsingaro biyu babu, ka busar da su wuri ɗaya, ka gasa su wuta ɗaya. Ka rubuto mini yadda suka fito.